Wayar da ke Hannun Maƙwabci: Nasiha ga Matasan Nima Masu Zana Shafukan Intanet

A shekarar 2012 wata matashiya 'yar Gana, Regina Agyare, wadda yanzu aka fi sani da Regina Honu, ta ajiye aikin banki ta kafa kamfanin Soronko Solutions. Ba a daɗe ba ta ɓullo da shirin Tech Needs Girls, kuma unguwar Nima ta Akra na cikin wuraren da shirin ya fara sa ƙafa, tare da ƙungiyar Achievers Ghana mai fafutukar karatun 'ya'ya mata a unguwar. 'Yan mata da hijabinsu suka zauna gaban kwamfuta suna koyon rubuta mata umarni, a lokacin da wasu ke ganin abin na 'ya'yan masu kuɗin East Legon ne kawai. Daga baya hanyoyi sun ƙaru. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikatar kula da zanguna da kuma Asusun Raya Zango, cibiyoyi irin su ZongoVation Hub suka buɗe ƙofa, YouTube kuma ya zama makarantar dare ta duk mai ɗan data. Yau a Nima da Mamobi da Newtown da Kotobabi ba a shan wahalar samun saurayi ko budurwa da za su haɗa wa mutum shafin intanet cikin mako guda.

Wannan abin a gode wa Allah ne. Sai dai akwai wani rami da yawancin masu tasowa ke faɗawa, kuma ba rashin ƙwazo ke jefa su ba. Matashi ya zauna da kwamfutarsa mai faffaɗan allo, a inuwa, kan layin intanet mai gudu, ya ƙera shafi mai ɗaukar ido, da hotuna masu zamewa da rubutu siriri mai launin toka. Ya nuna wa abokai, su yaba. Amma mutumin da aka yi shafin dominsa ba ya zaune a wannan ɗakin. Yana bakin titin Nima da tsakar rana, da Tecno ko itel ko Infinix da ya saya a Tip Toe Lane ta Circle, gilashinta da tsaga, batirinta na kukan caji, datarsa kuwa ta 'yan sidi ce da yake lallaɓawa ta kai shi dare. Wannan wayar ita ce alƙalin aikin. In shafi ya faɗi a gabanta, to ya faɗi, ko da ya burge kowa a ɗakin da aka haife shi.

Dabarar da ke sa shafi ɗaya ya zauna daidai a babban allo da ƙaramar waya ba sabuwa ba ce. Wani mai zane ɗan Amurka, Ethan Marcotte, shi ya raɗa mata suna a wata maƙala mai taken Responsive Web Design da mujallar A List Apart ta buga a watan Mayun 2010. Ya ɗora ta kan abubuwa uku. A daina auna faɗin sassan shafi da ƙayyadadden adadi, a auna su da kaso na faɗin allon da suka samu kansu a ciki. A sa hotuna su riƙa tsukewa da kansu, kada su zarce gurbinsu. Sannan a rubuta wa CSS sharuɗɗa: in faɗin allo ya kai kaza, a raba shafin gida uku, in bai kai ba, a jera komai ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Shafin kirki kamar zani yake, mai jiki ta ɗaura, siririya ta ɗaura, ba sai an koma wurin tela ba.

Abin da ya kamata matashi ya riƙe shi ne cewa HTML tun asali haka yake. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990 yana nan har yau, kuma duk wayar da ta buɗe shi za ta jera rubutunsa cikin faɗinta, domin ba a ɗaure shi da komai ba. Masu zane ne ke zuwa su ɗaure shafi da faɗin fiksil 1200, sannan su dawo suna neman hanyar kwance shi. Shi ya sa Luke Wroblewski, a littafinsa Mobile First na 2011, ya ba da shawarar a juya tsarin: a fara da waya, a ƙare da kwamfuta. Yawancin wayoyin Android da ke hannun jama'a faɗin fuskarsu, a ma'aunin CSS, yana tsakanin fiksil 360 da 412. Wanda ya fara zane a wannan ɗan fili dole ya yanke hukunci tun da wuri kan abin da ya fi muhimmanci, don ba wurin jibga tarkace. Idan allo ya faɗaɗa sai a ƙara, kuma kayan aikin ƙarin sun samu: Flexbox ya daɗe, CSS Grid kuma ya shiga manyan burauzoji a 2017. Akwai ma wani layi guda na viewport da ake sawa a kan shafi, wanda in aka manta shi, waya za ta ɗauka shafin na kwamfuta ne, ta matse shi gaba ɗaya har rubutu ya koma kamar tururuwa ta bi ta kan takarda. Google ma ya bi sahu: tun 2016 ya sanar cewa zai koma duba fuskar shafi ta waya wajen jera sakamakon bincike, ya kuma bayyana kammala sauyin a 2023.

A ɗauki misalin da kowane ɗan zango ya sani, jadawalin azumi. Kwamitin masallaci ya ba matashi takarda mai layi talatin, kowane layi da ranar wata ta Musulunci, da ta Bature, da lokacin sahur, Asuba, Azahar, La'asar, Magariba da Isha'i. A kwamfuta teburin zai zauna tsaf. A waya kuwa ko dai ya tsuke har ba ya karantuwa, ko ya zarce gefe, mai azumi ya yi ta jan sa dama da hagu, kafin ya isa Magariba ya manta layin ranar da yake bi. Mafi muni shi ne wanda zai ɗauki hoton takardar ya manna, ya ce ya gama. Mai zanen da ya san aikinsa zai tambayi kansa abin da mai buɗe shafin ke nema da ƙarfe biyar na yamma. Lokacin shan ruwa na yau yake nema. Sai ya sa ranar yau a sama, da manyan lambobi, gobe a ƙarƙashinta, cikakken jadawalin kuma a ƙasa ga mai son sa. Bayanin bai ragu ba, an dai jera shi bisa buƙatar mai dubawa.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ke cin kuɗin talaka kai tsaye. A ce wata tela a Mamobi ta nemi a yi mata shafin nuna ɗinkin Sallah, ta turo hotuna goma sha biyu daga wayarta, kowane ya kai megabait 4. In aka ɗora su yadda suke, shafin ya doshi megabait 50, kuma kowace mai son ganin ɗinki ita za ta biya wannan daga datarta. Alhali fuskar wayarta ba za ta iya nuna ko rubu'in ƙwayoyin hoton ba. In aka rage faɗin kowane zuwa fiksil 800, aka mayar da shi tsarin WebP da Google ya fitar a 2010, sau da yawa yakan dawo ƙasa da kilobait 100, kuma ido ba zai ga bambanci ba a waya. Aikin minti goma ne. HTML na da hanyar ba ƙaramar waya ƙaramin hoto, babban allo babba, yana kuma da kalma guda da ke hana hotunan ƙasa saukowa sai an gangaro wurinsu. Ma'aunin Google na cewa babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Wanda ya cika shafi da bidiyo mai kunna kansa da tulin JavaScript don kawai rubutu ya yi rawa kafin ya tsaya, ya sani da kuɗin maƙwabciyarsa yake wasa.

Gana ba baƙuwar intanet ba ce. Tun 1995 Nii Quaynor da kamfaninsa Network Computer Systems suka haɗa ƙasar da duniya, tana cikin na farko a yankin. Duk da haka, ranar 14 ga Maris 2024 aka wayi gari manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun samu matsala, intanet ya yi ta rarrafe a Akra da sauran biranen gaɓar Afirka ta Yamma na kwanaki. A irin wannan ranar ake gane shafi marar nauyi, don shi kaɗai ke iya ratsowa ta ɗan abin da ya rage. Wanda ya rayu a zamanin ɗauke-ɗauken wuta na dumsor kuwa bai buƙatar a gaya masa darajar kashi goma na batir.

Inda matasan zango suka fi kowa dama, kuma inda suka fi sakaci, shi ne haruffa.

Na farko dai girma da haske. Burauza tana farawa da fiksil 16 a matsayin girman rubutu, kuma babu dalilin sauka ƙasa da haka a jikin bayani. Dattijon da tabaransa ya tsufa, da mai kanti da ke dubawa da hannu ɗaya tana miƙa canji da ɗayan, duk ba za su tsaya buɗa rubutu da yatsu biyu ba. Tazarar layi ta kai kamar ɗaya da rabi na girman harafi. A babban allo kada layi ya miƙe daga bango zuwa bango. Masana buga littafi sun daɗe da lura cewa haruffa 45 zuwa 75 a layi su ne ido ke bi ba gajiya. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Wannan lissafin an yi shi ne domin masu raunin gani, amma ranar Akra ta ƙarfe ɗaya takan mayar da kowa mai raunin gani. Rubutu toka-toka kan fari, wanda ake yayi saboda wai ya fi tsabta, ɓacewa yake yi ɗungurum a bakin titin Kanda.

Na biyu, kuma a nan mai wannan rubutu yake son a tsaya: haruffa masu lanƙwasa. Hausar boko na da ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma ana rubuta ƴ inda Najeriya ke sa 'y. Gaskiya ne Hausar Gana a baki ba ta cika rarrabe waɗannan sautuka ba, don haka ɗan Nima zai iya cewa me ya dame shi. Ya dame shi, domin shafin intanet ba ya tsayawa a Nima. Mai sayen goro ko atamfa daga Kano, ɗan uwa a Maraɗi, ɗalibi a Zariya, duk za su iya buɗe shi, kuma a wurinsu kasa daban, ƙasa daban. Wanda ya zubar da lanƙwasa ya rage wa shafinsa kima a idon miliyoyin masu karatu.

Matsalar ita ce dubban zubin haruffa masu kyau da ake samu kyauta an zana su ne domin harsunan Turai, ba su san da ƙ ba. Idan burauza ta iso harafin da zubin bai da shi, sai ta ranto shi daga wani zubin. Shi ya sa ake ganin kalma kamar "ƙofa" da harafin farko siriri ko dogo, sauran masu kauri, kamar baƙo a cikin dangi. In ma ba inda za ta ranto, sai ta ajiye ɗan akwati fanko. Google da kamfanin Monotype sun yi aikin zubin Noto ne musamman don kawar da wannan akwatin, kuma a 2016 suka sanar cewa ya ɗauki harsuna sama da 800. Ƙungiyar SIL ma tana da Charis da Andika da Gentium, waɗanda aka yi da harsunan Afirka a zuciya. Andika kuwa domin masu koyon karatu aka zana shi, haruffansa ba sa rikicewa da juna. Akwai wani tarko ƙarami da ke kama ko waɗanda suka zaɓi zubi mai kyau. Domin rage nauyi, akan yanka zubin kashi-kashi, kuma haruffan Hausa ba sa cikin kashin Latin na farko, suna cikin ƙarin da ke biye. Wanda ya sauke na farko kaɗai ya ɗora a shafinsa, ya bar lanƙwasarsa a baya bai sani ba.

Maganin ba shi da tsada. Kafin matashi ya amince da kowane zubi, ya buga wannan layin a ciki, da siriri da mai kauri da mai kishingiɗa: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ Ɛ ɛ Ɔ ɔ Ŋ ŋ ₵. Ya duba manyan baƙaƙen da kyau, don sau da yawa ƙaramin na nan babban babu, sai an zo kanun labari asiri ya tonu. Haruffan ɛ da ɔ da ŋ na maƙwabta ne. Nima gari ne na kowa: Bahaushe, Bafulatani, Badagombe, Bazabarme, Kotokoli, Mosi, ga Ga da Akan da Ewe. Sunan abokin ciniki ko na kanti na iya zuwa da ɗaya daga cikinsu, kuma rubuta sunan mutum daidai girmamawa ce. Alamar sidi kuwa, in ta koma akwati a gaban farashi, ba abin da ya fi wannan saurin korar mai saye. Sai a tabbata shafin ya bayyana cewa da UTF-8 aka rubuta shi, a kuma sa masa alamar harshe ta "ha" in da Hausa ne, don burauza da manhajojin karanta wa makafi su san da wane harshe suke hulɗa.

Na uku shi ne Larabci da ajami, gadon da ya girmi boko a wannan ƙasa. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara ɗimbin irin waɗannan takardu tun shekarun 1960. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu na malaman zango ya ga aikin tsara shafi: baƙar tawada ga matani, ja ga wasali da kanu, fili a gefe domin sharhi. Ɗan makarantar allo da ya koma zanen shafin intanet ba daga sifili ya fara ba, idonsa ya riga ya san inda layi ke numfashi.

Sai dai rubutun da yaran zango suka tashi da shi ba irin na Masar ko Saudiyya ba ne. A salon Magrib da ƙira'ar Warshu, fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙafun kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A 2016, a fitowa ta 9 ta Unicode, aka ƙara wa siffofin Afirka na waɗannan haruffa lambobinsu na musamman. SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka ɗauko daga salon rubutun hannu na Kano mai kauri, da kuma Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma, dukansu kyauta. Mai yi wa Islamiyya shafi ya san da su. Ya kuma san cewa Larabci na son girma fiye da boko da tazarar layi mai yalwa, don kada wasulan sama su hau na ƙasa. Cewa buɗa tazara tsakanin haruffa, wanda ke ƙawata kanun boko, tsinka haɗin haruffan Larabci yake yi. Cewa akwai alamar da ke gaya wa burauza wannan sashen daga dama yake farawa, in ba haka ba aya da lambobi su watse. Aya ko hadisi kuma a rubuta su rubutu na gaske, kada a manna hotonsu. Hoton rubutu ba a iya bincikensa, ba a iya kwafarsa, makaho ba ya jin sa, kuma ya fi nauyi ninkin ba ninki. Sannan a kai wa malami ya duba kafin a saki, don kuskuren wasali a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Game da maɓallai da fom da sauran wuraren da yatsa ke taɓawa, malamin da ya fi kowa yana aljihun kowa. MTN ta kawo Mobile Money Gana a 2009, a 2018 kuma aka haɗa layukan kamfanoni ta yadda kuɗi ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Mai koko da ƙosai, mai wake da shinkafa, direban trotro, duk sun haddace *170#. Ba hoto, ba launi, yana aiki ko a ƙaramar wayar da ake kira yam. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, zaɓi 'yan kaɗan masu lamba, sannan kafin kuɗi su fita sai ya nuna sunan mai karɓa a tabbatar. Hajiyar da ba ta yi boko ba tana tura kuɗi da shi zuwa Tamale ko Bawku. Idan ita ɗin ta kasa yin odar yadi a shafin da matashi ya gina, bai kamata ya ce ba ta waye ba. Shafin ne bai kai *170# hankali ba.

Apple na ba da shawarar wurin taɓawa ya kai 44 a tsawo da faɗi a ma'auninsa, Google kuma 48. Dalili a fili yake: babban yatsa ba alƙalami ba ne, balle a cikin mota mai tsalle. Maɓallin da ya fi muhimmanci ya faɗi abin da zai yi da kalmomi, "Kira mu" ko "Tura saƙo ta WhatsApp", domin 'yan zane-zanen alama da mai zane ke ganin kowa ya sani, ba kowa ya sani ba. Kuma a faɗi gaskiya, yawancin ciniki a zango a WhatsApp yake ƙarewa. Ƙaramin shafi mai hotuna masu sauƙi, farashi a fili, da mahaɗin da ke buɗe hira kai tsaye, ya fi wa tela amfani a kan babban kanti na intanet mai kwandon saye da rajista da kalmar sirri.

Fom kuwa shi ne inda ake zubar da mutane. Kowane gurbi da aka ƙara, wani ya juya. Wurin lambar waya ya fito da madannan lambobi, ya kuma karɓi lambar ko an fara da 0 ko da +233, ko an bar tazara ko ba a bari ba. Gyara wannan aikin kwamfuta ne, ba na mai saye ba. Kada a tilasta imel ga wanda rabonsa da buɗe imel tun ranar da aka saita masa waya. Kada gurbin suna ya ƙi Abdul-Rahman saboda ɗan layin tsakiya, ko Sa'adatu saboda alamar hamza. In layi ya yanke ana tsakiyar cikawa, abin da aka rubuta ya tsaya, kada a dawo a tarar da fili.

Adireshi ma sai an yi masa tunanin gida. Nima ta taso ne tun farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu filin daga iyalin Odoi Kwao, ta kuma cika da gidaje da lunguna ba bisa zanen injiniya ba. GhanaPost GPS da aka ƙaddamar a 2017 ya ba kowane ɗan fili mai mita biyar-biyar lambarsa, kuma yana da kyau a bar masa gurbi. Amma mai babur ɗin da zai kawo kaya har yanzu kira zai yi ya ce a ina, a ce masa bayan masallacin kaza, kusa da gadar kwata, ko daura da asibitin Mamobi. Fom ɗin da aka kwafo daga Amurka, mai neman lambar gida da sunan titi da lambar gidan waya, ba zai kai kaya ko'ina ba. A bar babban gurbi na kwatance.

Harshen shafi shi ma tambaya ce da ba a amsa ta daga ɗaki. A Nima Hausa ce harshen kasuwa da lungu, amma makaranta da Turanci take, don haka akwai dubban masu jin Hausa kamar ruwa da ba su saba karanta ta a boko ba, akwai kuma dattawan da ajami ya fi musu sauƙi. Wani shafin zai fi amfani da Turanci mai sauƙi da ɗan maɓallin sauraron bayani da Hausa, tunda jama'a sun riga sun saba da saƙon murya. Wani kuma, musamman mai neman kasuwar Najeriya da Nijar, Hausa tsantsa zai so. Mai zane ya tambayi masu amfani, kada ya yanke musu.

Akwai kuma amana. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa an daɗe ana shafa wa matasan zango baƙin fentin sakawa, damfarar intanet, har mai gaskiya ma yakan sha tambayoyi idan aka ji unguwarsu. Wannan zalunci ne ga dubban masu neman halak, amma hanyar wanke shi ba ta wuce aiki mai tsabta ba. Shafi ya nuna sunan mai shi, da inda yake, da lambar da ake ɗagawa. Farashi ya fito tun farko, ba sai an zo biya a ga ƙari ba. Kada a ɓoye maɓallin fasa ciniki, kada a sa agogon ƙarya mai cewa saura minti biyar garaɓasa ta ƙare. Gana na da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, Doka ta 843, kuma lambobin waya da hotunan Ghana Card da mutane ke turowa ba kayan mai zane ba ne. Haka nan sunan shafin da aka yi wa rajista, a yi shi da sunan mai kanti, a miƙa masa makullansa. Riƙe su don a ɗaure abokin ciniki cin amana ne, ko da ana yi a gari.

Kayan gwaji suna nan kyauta. Burauzar Chrome na iya kwaikwayon ƙaramar waya da layi mai jan ƙafa, Lighthouse da PageSpeed Insights kuma za su zayyana abin da ke nauyaya shafi. A yi amfani da su. Amma gani ya kori ji. Jakob Nielsen, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan fito da mafi yawan matsalolin da ke cikin zane. Mutum biyar ba su fi ƙarfin kowa ba a unguwar da ba a taka goma ba a yi gaisuwa.

Yadda ake yi shi ne a miƙa wa mutum shafin a wayarsa shi, ba ta mai zane ba, a ce masa, "Baba, don Allah a nemo mini lokacin shan ruwa na yau," ko "Hajiya, a gwada tambayar kuɗin wannan leshin." Daga nan sai a kama baki. Wannan ne wuri mafi wuya, domin hannu zai yi ta ƙaiƙayin nuna mata inda za ta taɓa. A bar ta. A lura da inda ta tsaya, inda ta matso da wayar kusa da ido, inda ta taɓa abin da ba maɓalli ba, inda ta ce "ya ƙi" ta miƙo wayar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyara ne da ke jiran mai zane, kuma ba kwas ɗin da zai nuna masa su.

Kasuwar Nima ranar Laraba take cika. Duk matashin da ke da shafin da yake shirin miƙa wa mai shi ya karɓi cikon kuɗinsa, ya daure ya fara kai shi can, da rana tsaka, ya gwada shi a wayoyin mutum biyar da suka girme shi, sannan ya koma ya gyara abin da ya gani.